Ƙarar da eriyar kumbo ke ji a cikin iskar rana: awo ce ko shara?

Dan_Kurna: Assalamu alaikum. Tambayata ga malaman kimiyya da injiniyoyin da ke zauren nan. A duk aikin lantarki da muka sani, ƙarar shuu da risiba ke yi abin gudu ce, tace ta ake yi a zubar. Amma masu binciken iskar rana sun mayar da ita ma'auni, har ma da ita suke gyara lissafin na'urar da ke ƙirga ilektiron. Abin bai kwanta mini ba. Na'urar da ke kama ilektiron tana ƙirgawa ai ita ya kamata ta zama alƙali, ba waya miƙaƙƙiya mai sauraron hayaniya ba.

Malam_Gwale: Wa alaikumus salam. Ɗan Kurna, fara da sanin inda ƙarar take fitowa. Iskar rana filazma ce, ilektiron da furoton ne a sake, suna tafe da gudun kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa. Kowane ilektiron da ya gifta kusa da wayar eriya yana jawo ɗan motsin boltej a jikinta, ko bai taɓa ta ba. Miliyoyinsu na giftawa, shi ne shuu ɗin. To ita filazma tana da firikwensin da take kaɗawa a kansa da kanta, kuma yawan ilektiron kaɗai ke yanke shi: fp = 9 kHz sau tushen n, inda n yake yawan ilektiron a santimita kubik ɗaya. Kusa da duniyarmu n yakan kai 5 zuwa 10, ka ga fp ya faɗa tsakanin 20 da 28 kHz. Idan ka zana ƙarfin ƙarar a kan firikwensi, daidai wurin nan za ka ga ta yi tsalle ta yi tsauni. Ka karanta inda tsallen yake, ka raba da 9, ka ninka amsar da kanta, ka sami n.

Injiniya_Fagge: Ga inda amsar take a taƙaice. Firikwensi ake karantawa, ba ƙarfin sauti ba. Mai jin kalangu daga nesa ya san ko an matse igiyoyin ko an sassauta, ko da iska ta rage masa ƙarfin kiɗan. Amfilifaya ta tsufa, ƙarfinta ya ragu da kashi 20 cikin 100, tsaunin yana nan inda yake, domin agogon kiristal ne ke riƙe da firikwensi.

Dan_Kurna: Na ji wannan, Injiniya. To mene ne laifin mai ƙirgawar?

Dakta_Tarauni: Laifin na jikin kumbon ne, ba na na'urar ba. Hasken rana yana fizgo ilektiron daga fatar kumbo, sun fi waɗanda filazma ke zubowa yawa nesa ba kusa ba, don haka kumbon yakan hau zuwa 'yan bolt a sama da filazmar da ke kewaye da shi, sau da yawa tsakanin 3 da 10. Yanzu ka duba: zafin ilektiron na iskar rana kusa da mu yana wajen eV 10 (ilektiron-bolt, ma'aunin kuzarinsu), wato kimanin digiri 100,000 a ma'aunin Kelvin. Kenan ƙarfin da kumbon ke jan ilektiron da shi ya kusa kai ƙarfin da suke tafe da shi. Yana ƙara musu gudu, yana lanƙwasa hanyarsu kafin su shiga bakin na'ura, sannan waɗanda haske ya fizgo suna dawowa su shiga ƙirga kamar 'yan gida. Sai ka san boltej ɗin kumbo daidai kafin ka gyara, shi kuma yana sauyawa da n ɗin da kake nema. Ita eriya mai tsawon mita 50 tana jin filazmar da ke nesa da wannan ruɗani.

Sadiya_Kabuga: Allah ya gafarta Malam Gwale, akwai sharaɗin da ya kamata a faɗa tun farko, kada wani ya ɗauka kowace eriya za ta nuna tsaunin. Dole tsawon hannun eriya ya wuce tsawon Debye, wato nisan da filazma ke iya rufe tasirin caji ɗaya a cikinsa. Lissafinsa: mita 7.4 sau tushen T bisa n, T a eV. Sa T = 10, n = 5, ka sami mita 10 da rabi. Kumbon Wind da aka harba ranar 1 ga Nuwamba 1994 yana da hannu biyu na mita 50 kowanne, ninki biyar kenan, tsauninsa fes. Ulysses na 1990 mita 35 kowane hannu. Su kuwa tagwayen STEREO na 2006 sandunan mita 6 gare su, ba su kai tsawon Debye ba, don haka tsaunin ba ya fitowa sosai sai filazma mai cunkoso ta zo wucewa.

Malam_Gwale: Haka yake, Malama Sadiya. Dalilin shi ne raƙuman Langmuir, wato kaɗawar ilektiron na filazma da ke yin tsaunin, tsawonsu ya fi na Debye, gajeriyar eriya kuma ta fi jin gajerun raƙuma.

mai_rediyo_SabonGari: Ranku ya daɗe, ni a ɓangaren gyara nake. Idan 20 kHz ne kawai, me zai hana a miƙa waya mita 100 a fili wajen gari, a haɗa da katin sauti na kwamfuta a saurara?

Injiniya_Fagge: Abu biyu za su hana. Na farko, wannan ƙarar ba tafiya take yi kamar ta gidan rediyo ba, motsin caji ne a wurin da eriyar take, sai kana tsundum cikin filazmar za ka ji. Na biyu, ko raƙuman rediyo na gaske masu wannan firikwensin ba za su sauko mana daga can ba, saboda rufin ayonosfiya. Da rana ilektiron ɗinsa kan kai miliyan ɗaya a santimita kubik, sa a lissafin Malam ka ga 9 MHz. Abin da ke ƙasa da haka yana mayar da shi. Wannan rufin ne dai yake dawo mana da tashoshin gajeren zango ƙasa har muke kama su a Kano. Abin da wayarka za ta kwaso shi ne 50 Hz na wutar gida da 'ya'yansa, da ƙarar inbata da cajar waya, da tartsatsin walƙiya in damina ce.

Amma akwai gwajin da za ka iya yi a kan teburin shago. Resista na megohm 1 yana da ƙarar zafi ta kansa, wadda Johnson da Nyquist suka bayyana a 1928: V² = 4kTR, inda k yake lambar Boltzmann, T zafi a Kelvin, R kuma girman resistan. A zafin watan Afrilu na garin nan, digiri 40, lissafin ya ba da kimanin 1.7 × 10^-14 V²/Hz, wato nanobolt 130 a tushen Hz. Ƙarar iskar rana a ƙasa da fp a wannan unguwar take, 10^-14 zuwa 10^-13. Ka sa resistan cikin gwangwanin ƙarfe, ka ba amfilifayar wuta daga batir ba daga soket ba. In ka iya auna wannan da kyau ka san girman aikin.

mai_rediyo_SabonGari: Madalla. Wannan kam ana iya haɗawa.

Hajiya_Lantarki: Ina so in ja wa Ɗan Kurna gefe kaɗan, don na ga an taru an yi masa rubdugu. Maganar da aka yi gaskiya ce a kan yawan ilektiron. A kan zafi fa? Zafi daga ƙarfin ƙarar ake ciro shi, ba daga firikwensi ba, kuma nan duk matsalar saiti ta dawo. Abin da risiba ke gani ba shi ne boltej ɗin eriya ba. Akwai kafasitans na eriya, Ca, akwai na gindi da kebul da bakin amfilifaya, Cb, su biyun suna raba boltej: Ca bisa Ca + Cb. Ga Wind, waya mai kaurin milimita 0.4 da tsawon mita 50, lissafi na ba da Ca kusan pikofarad (pF) 120, don haka gindi na 'yan gomomin pF ba ya cin abu mai yawa. Ɗauki sandar mita 2 mai kaurin milimita 3, Ca bai wuce pF 9 ba. Mu ce gindin 18 ne. Kashi ɗaya cikin uku na boltej ke shiga, a ƙarfi kuma ɗaya cikin tara. Ka kuskure Cb da pF 2 kacal, ƙarfin ya kauce da kusan kashi 15 cikin 100, zafin da ka ciro ya bi shi. Kuma Cb ɗin da aka auna a ɗakin gwaji ba lallai ya zama shi ne bayan an buɗe eriya a sama ba.

Dakta_Tarauni: Hajiya ta taɓo wurin da ke ciwo. Sai dai akwai maganin da ake yi masa. Gungun taurarinmu yana fitar da ƙarar rediyo da aka san ƙarfinta, wadda ta fi ƙarfi wajen 3 MHz, kuma ba ta sauyawa daga yau zuwa gobe. Ana ɗaukar lokutan da rana ta yi shiru, a kwatanta abin da risiba ta gani a saman zangon da abin da aka san gungun na bayarwa, a ciro haɗin tsawon eriya na aiki da rabon kafasitans.

Hajiya_Lantarki: Haɗinsu ka samu, Dakta, ba kowanne daban ba. Kuma a MHz ka auna, inda filazma ba ta da tasiri a kan eriya. Kusa da fp ita kanta Ca tana sauyawa, don filazmar ce ke kewaye da wayar. A ƙasa da fp tsawon Debye ne ke shiga lissafin Ca a madadin tsawon eriya, shi kuma ya dogara da zafin da kake nema. Ana warwarewa, amma a cikin lissafi ɗaya, ba a jere ba.

Abba_Hotoro: Don Allah wani ya jera mana sassan zanen daga ƙasa zuwa sama. An ambaci tsauni, an ambaci ƙasa da fp, na fara ɓacewa.

Malam_Gwale: To Abba, daga hagu. A can ƙasa, 'yan kHz, ƙarar faɗuwar caji ce ke mulki: ilektiron da ke dukan wayar kai tsaye da waɗanda haske ke fizgewa. Tana raguwa da 1 bisa f², kuma girmanta na bin faɗin fatar eriya. Shi ya sa ake son siririyar waya. Fatar hannun Wind ɗaya ba ta wuce murabba'in mita 0.06 ba, ta sandar STEREO mai kaurin sama da santimita 2 ta haura 0.4. A kan wannan akwai ƙarar furoton. Su furoton a zafin eV 10 gudunsu na zafi kilomita 44 ne a daƙiƙa, iskar kuma na kwasarsu da 400, don haka ƙararsu da ya kamata ta tsaya can ƙasa sai gudun iskar ya turo ta sama zuwa wajen gudun iskar bisa 2π sau tsawon Debye, kimanin 6 kHz. Ilektiron ba su damu da wannan ba sosai, nasu gudun ya kusa 1,900. Daga nan sai shimfiɗa, inda ƙarar ta kwanta kusan daidai har zuwa fp, tsayinta na bin zafin ilektiron na tsakiya, masu rinjaye. Sai tsalle da tsauni. Bayan tsauni sai gangara mai bin 1 bisa f³, tsayinta na bin n sau T, wato matsin ilektiron gaba ɗaya. Can sama gangarar ta nutse cikin ƙarar gungun taurari da ta risiba kanta, wadda a na'ura mai kyau take wajen 10^-17.

Sadiya_Kabuga: Ƙari a kan tsaunin, don nan ne sababbi ke faɗawa rami. Ƙololuwar ba ita ce fp ba, tana ɗan sama da shi, kuma ratar na ƙaruwa idan eriya ta gajarta. Wanda ya sa kwamfuta ta nemo masa wuri mafi tsayi ya kira shi fp zai riƙa samun n da ya wuce gaskiya kullum. Gara a nemi inda hawan ya fi tsini, ko a daidaita zanen duka. Sannan kuskuren firikwensi yana ninkuwa biyu a n, tunda n na bin fp². Risibar ƙananan firikwensi ta kumbon Parker Solar Probe tana da tashoshi 64 daga 10 kHz zuwa 1.7 MHz, tazarar kowace da ta kusa da ita kimanin kashi 8.5 cikin 100, wato shakkar kusan kashi 4.5 a kan fp. Ka dogara da tasha ɗaya, n ɗinka na da shakkar kusan kashi 9 zuwa 10.

Tsayin tsaunin kuma labarin wasu ne daban. Raƙuman da ke dab da fp suna da saurin tafiya ƙwarai, ilektiron masu irin wannan gudun ne kaɗai ke iya tayar da su, wato 'yan tsirarun nan masu zafi da ba su wuce kashi kaɗan cikin 100 ba. Shi ya sa tsaunin ke gaya maka yawansu da zafinsu, amma sai risiba mai tashoshi a matse.

Dan_Kurna: Yaya Sadiya, kin ce sai eriya ta wuce tsawon Debye, mita 10. Parker kuma na ji sandunansa mita 2 ne. Yaya aka yi?

Sadiya_Kabuga: Mita 10 na nan kusa da duniya ne. Parker Solar Probe da aka harba ranar 12 ga Agusta 2018 ciki yake shiga. A kusantarsa ta farko, Nuwamba 2018, ya kai kimanin kashi 17 cikin 100 na nisanmu da rana. Mu ce n = 400, T = 30: fp ya zama 180 kHz, Debye mita 2. Ka ƙara shiga inda n ya kai dubbai, Debye ya sauka ƙasa da mita 1. Ranar 24 ga Disamba 2024 ya gifta a nisan kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana. Kenan eriyar tana gyaruwa ne yayin da yake matsawa, in ya fito nesa kuma tsaunin ya dushe.

Injiniya_Fagge: Kuma ba don son ransu suka gajarta ba. Sandunan huɗu a gefen garkuwar zafi suke, cikin hasken rana tsirara, da gamin niyobiyam C-103 aka yi su don zafin ya haura digiri 1,000. Siririyar waya mai mita 50 tana buƙatar kumbo mai juyawa ya miƙar da ita, kamar Wind da ke zagaye kansa duk daƙiƙa 3. Parker ba ya juyawa, fuskarsa na kallon rana. Wani abin da ke ɓata lissafi: tsakanin hannu biyu akwai ratar kusan mita 3 da jikin kumbo ya cike, alhali ainihin lissafin an gina shi ne a kan hannaye biyu da suka kusa haɗuwa a gindi.

Hajiya_Lantarki: Ga kuma rigimar cikin gida. Masu auna filin lantarki na ƙasa-ƙasa suna tura wa eriya ɗan kwararar wuta don su riƙe boltej ɗinta kusa da na filazma. Wannan kwarara tana sauya ƙarar faɗuwar caji, ta cika shimfiɗar da ake ciro zafi daga gare ta. Eriya ɗaya, buƙata biyu masu karo da juna. Solar Orbiter na 2020 mai sanduna uku na mita 6.5 shi ma da wannan yake aiki. Duk wanda zai ciro zafi sai ya duba ko kwararar na kunne a wannan lokacin, da nawa.

Baba_Dala: Yara, ku ba tarihin haƙƙinsa. Nicole Meyer-Vernet ta cibiyar binciken taurari ta Paris da ke Meudon a Faransa ce ta shimfiɗa lissafin a 1979, lokacin da ISEE-3, wanda aka harba a 1978 da eriya mai mita 90 daga baki zuwa baki, yake aiki. Aka sauya wa kumbon suna zuwa ICE, ya ratsa wutsiyar tauraruwa mai wutsiya Giacobini-Zinner ranar 11 ga Satumba 1985. A tsakiyar wutsiyar ilektiron sun yi sanyin da na'urar ƙirga ba ta iya kama su da kyau, ƙarar eriya ce ta ba da yawansu da zafinsu. Ulysses ya yi irin wannan a zoben filazma na Io, ɗaya daga cikin watannin Jupiter, a Fabrairu 1992, Cassini kuma a Saturn a 2004. A irin waɗannan wurare maganaɗisu na da ƙarfi, lissafin ya sauya. Ilektiron na zagaya layin maganaɗisu da 28 Hz a kowane nanotesla. A iskar rana nanotesla 5 ne, 140 Hz, ba komai ba ne kusa da 20 kHz, shi ya sa muke watsar da shi.

Abba_Hotoro: Baba, Voyager 1 ma ai an ga siririn layi wajen 3 kHz a bayanansa bayan ya fita daga iskar rana, an wallafa a 2021. In na bi lissafin Malam, 3 bisa 9 sau kansa, ilektiron 0.1 kenan.

Baba_Dala: Lissafinka daidai ne.

Dakta_Tarauni: Ga mai son taɓawa da hannunsa, bayanan Wind da Parker kyauta suke a CDAWeb, shafin bayanai na NASA, a fayil ɗin CDF, Python na buɗe su. Risibar ƙarar zafi ta Wind, TNR, daga 4 zuwa 256 kHz take. Ka ɗauki yini ɗaya, fayil ɗin ba zai cinye maka data ba. Duba ma'aunin farko, don wasu fayilolin a desibel suke, sai ka mayar V²/Hz kafin ka cire komai, ba a ragi a cikin desibel. Cire ƙarar risiba, cire ta gungun taurari idan zangon ya kai can. Samo fp na farko daga tsinin hawa. Sannan ka daidaita zanen da abubuwa shida: n, zafin na tsakiya, rabon yawan masu zafi, rabon zafinsu, gudun iska, zafin furoton. Yi daidaitawar a kan logaridam na ƙarfin, in ba haka ba tsaunin zai danne sauran tashoshi. Ka zubar da duk zanen da fashewar rediyo ta rana nau'i na 3 ta shiga, za ka gan ta tana gangarowa daga MHz zuwa ƙasa cikin mintuna. Kusa da duniya kuma akwai rediyon da yankunan aurora, hasken nan na sararin ƙuryar arewa da kudu, ke fitarwa a ɗaruruwan kHz, da raƙuman Langmuir masu ƙarfi a gaban girgizar da iskar ke yi kafin ta iso maganaɗisun duniya. Waɗannan suna zaune a kan fp, suna ninka ƙarar zafi sau dubbai, n zai fito amma zafi shirme ne.

Injiniya_Fagge: A ƙara da wannan: eriyar Wind mai tsawo ta tsinke sau biyu, a 2000 da 2002, ana danganta hakan da dukan ƙura. Wanda ya sa mita 50 a lissafin bayanan bayan nan zafinsa ba zai yi daidai ba. fp kuwa bai san an yi ba.

Dan_Kurna: To in na fahimta, a kan n eriya ce alƙali. Amma har yanzu ban ga ta maye gurbin mai ƙirgawa ba. Ba ta gaya maka ta ina ilektiron suka fito.

Malam_Gwale: Ba wanda ya ce ta maye. Siririn kwararon ilektiron da ke bin layin maganaɗisu daga rana, wanda ke ɗauke da zafi, na'urar ƙirga ce ke ganin kusurwarsa. Eriya tana tara komai ne wuri ɗaya.

Hajiya_Lantarki: Ni ko a kan zafin 'yan tsirarun ban sakankance ba, Malam. Wajen siffar rabon gudun ilektiron, ka zaɓi rabon Maxwell biyu ka sami amsa, ka zaɓi rabon kappa ka sami wata, duka biyun su hau kan zanen lafiya lau idan tashoshi biyu ko uku ne kawai suka faɗa kan tsaunin.

Sadiya_Kabuga: Shi ya sa a Parker na fi yarda da gangarar 1 bisa f³, Hajiya. Ba ruwanta da siffar rabon, matsin duka take bayarwa, ki raba da n da kika samu daga fp.

Hajiya_Lantarki: Muddin gangarar ba ta nutse cikin ƙarar gungun taurari ba. In fp ya kai 600 kHz, tashoshi nawa suka rage miki tsakaninsa da inda gungun ya karɓe? Dakta, a fayil ɗin Parker an riga an cire gungun ne, ko mai aiki ne zai cire da kansa?